Jirgin da ba a zo fansa ba

Wani kwali ne ya shigo unguwarmu a nan Tasawa ya hana ni sakewa, kuma ba gidana ya shigo ba. Gidan taubashina ya sauka, ɗan gwaggona, wanda muka tashi tare a ƙauyenmu can wajen Koona, muka kuma tsufa a unguwa ɗaya, gidansa na gaban masallaci, nawa na baya. Autansa makanikin jiragen soja ne, an tura shi ƙaro sani wata ƙasa, da zai dawo sai ya riƙo wa uban tsaraba. Ni ƴaƴana in sun yi tafiya hula suke kawo mini da turare, Allah ya yi musu albarka, huluna sun cika akwati. Shi kuwa nasa ɗan, jirgin sama ya kawo masa, irin na yaƙi mai jefa bama-bamai, amma ƙarami, a wawwarware cikin kwali, sai mutum ya zauna ya haɗa abinsa da hannunsa. Dattijo mai furfura har a gira aka kawo wa kayan wasa, maimakon a yi masa dariya sai rabin unguwa ta koma zaurensa kallo.

Ni ban je ba. Mai ɗakina ce ta je yi musu barka da dawowar yaron, ta komo tana ba ni labari ba tare da na tambaye ta ba. Ta ce gutsattsarin roba ne masu launin toka, maƙale a jikin wasu sanduna kamar ƙashin kifi, wasu ba su kai ƙwayar wake ba. Ta ce akwai ƴan gwangwanayen fenti, da kol na liƙa su a ƴar kwalba, da wata faffaɗar takarda mai zane-zane da rubutun Turawa. Da ta ambaci rubutu sai na gyara zama. Ɗan gwaggo bai taɓa taka lakwal ba, wato makarantar boko, ni kuwa na yi ƴan shekaruna a ciki, ina iya harhaɗa Faransanci in ba a gaggauta ni ba. Ga shi kuma idonsa ya daɗe yana dusashewa, irin ciwon da aka ce ba yana ba ce balle a cire. Na ce a raina, to, wannan karon dole ya aiko a kira ni.

Abin da nake jira ke nan tun muna yara, kuma na san ba abin faɗa ba ne ga mai shekaruna. Tun da na yi wayo mutumin nan bai taɓa neman komai a wurina ba. Ba aron gatari, ba shawara, ba ko riƙe mini nan in ɗaure. Ni ne kullum a ƙofarsa, yau fitila ta ƙi kamawa, gobe rediyo ta yi shiru, jibi keken ɗinkin mai ɗakina ya cije. Ya karɓa, ya jujjuya, ya gyara, ya miƙo mini yana tsokanata. Sau ɗaya nake so kafin ƙasa ta rufe ido ya zo ya ce da ni, wane, yi mini kaza.

Yaran yanzu ba su san kara ba yadda muka san shi. Yau da an yanke hatsi sai ka ga an bi gona an tattare karan kaf, an ɗaure shi dami-dami an ɗora bisa rufi ko cikin rassan itace, domin abincin dabbobi ne, yaron da ya zari ɗaya sai ya sha faɗa. A lokacinmu gona na nan shimfiɗe da kara har rani ya yi nisa, a ɗebi na darni, a ɗebi na zana, saura a bar wa shanun Fulani da mu. Da hantsi in mun kora awaki bayan gari, ana jiyo luguden mata daga cikin gidaje da kukan igiya a bakin rijiya, sai mu nemi inuwar gawo mu baje. Karan dawa muke nema, mai kauri, wanda ya bushe a tsaye bai kwanta ƙasa gara ta taɓa shi ba. Da haƙori ake ɓare shi, ɓawon ya zo siriri mai kaifi, shi ya sa ba ka raba leɓɓanmu da tsaga. Totuwar ciki mai laushi ita ce jiki, ɓawon shi ne ƙusa, shi ne sanda, shi ne duk abin da za a soka. In ana so abu ya yi ƙarfi a sa ƙayar aduwa, in ana so ya manne a jiƙa ƙaro da yawu. Har yau in na ji an ɓare kara, wannan ƴar ƙara ta tsagewa, sai in ji ɗanɗanon jini a leɓena. Kakarmu, wadda ta haifi ubana da gwaggo, kullum tana cikin mita wai mun zare mata darni har kaji na ficewa, tana cewa in Allah ya yarda wata rana za mu wayi gari mun zare ɗakin da muke kwana.

Mota kowa yake yi. Kamyo, babbar motar kaya, mai ƙafafun sakaina, a ɗora masa lodin yashi, a ja da igiyar kaba ana kukan inji da baki. Nawa ma yana tafiya, ba laifi, sai dai in aka jera shi da na ɗan gwaggo sai ya koma kamar akurkin kaji. Nasa ƙofarsa na buɗewa, ƙafafun gaba na juyawa, har da ɗan madubi na fasasshiyar kwalba. Hannunsa ba ya sauri, ba ya kuma komawa baya. Yana aiki yana fito da harshe gefe guda, ba ya kallon na kowa. Ni kuwa rabin aikina kallon nasa ne. Kakarmu ta sha ce mini in daina leƙen akushin ɗan'uwana, tuwona na hucewa.

Shekarar da aka zo ɗibar yara lakwal, gwaggo ta ji labari tun da wuri, ta tura ɗanta rugar wani Bafulatani abokin mijinta har masu rubuta suna suka wuce. Ni aka same ni a ƙofar gida ina cin gyaɗa. Daga ranar ya laƙa mini suna Mushe, wato malamin lakwal, kuma har yau da shi yake kirana, jikokinsa ma wasu sun ɗauka sunana ke nan. Ni kuma ina kiransa bawan gidanmu, shi ma yana cewa ni ne bawan nasu gidan, gardamar da kakarmu ta mutu ba ta raba ba. Ina can ina maimaita baƙaƙen Turawa ana zabga mini bulala, shi yana gindin gawo hannunsa na ƙara gogewa.

Wata ranar Alhamis, da yake ba a zuwa lakwal, muna kiwo tare sai muka ji wani ruri daga gabas wanda ba na hadari ba ne, ba na mota ba. Shekarar fara ta yi ɓarna, ashe jirgin feshi ne aka turo. Kafin mu ankara ya taso ƙasa-ƙasa kamar zai aske kan itatuwa. Awaki suka watse, ni na ruga gindin gawo na kifa ciki na ja riga na rufe kaina, ina karanto duk abin da na iya. Da rurin ya yi nisa na ɗago, sai ga ɗan gwaggo kwance rigingine a tsakiyar fili, hannuwansa ƙarƙashin ƙeya, yana bin abin da ido har ya ɓace. Jirgin ya bi ta kansa sak, ya ga cikinsa, ya ga ƙafafunsa, ya ga layin ƙusoshi a ƙarƙashin fiffike. Ni abin da na gani cikin rigata ne. Da yamma an yi masa dukan tsiya saboda awaki sun faɗa waken wani, amma ko hawayen ba su bushe ba yana tsugune yana zane a ƙasa da tsinke. Na sha ganin jirage daga baya, manya da ƙanana, har na taɓa raka wani filin jirgi, amma wannan ganin da ya yi ni ban yi ba, babu wanda ya maye mini shi.

Akwai wani tsohon soja a garinmu da ya yi yaƙin Turawa, mai zama bakin kasuwa cikin wata babbar kwat ko ana zafi. Da yara suka kewaye shi da labarin jirgi sai ya taɓe baki, ya ce wannan ai ɗan tsako ne muka gani. Ya ce akwai uwayensu masu inji huɗu, waɗanda in sun zo bisa gari sai cikinsu ya buɗe su zubo ƙwai, duk inda ƙwan ya faɗa sai rami. Mu muka buɗe baki, ɗan gwaggo kuwa ya matsa kusa yana tambaya, ƙyauren cikin ɗaya ne ko biyu, ciki yake buɗewa ko waje, da me ake jansa. Tsohon ya dube shi ya ce, "Kai yaro, ni ina cikin rami da kaina tsakanin gwiwoyi, wa ya tsaya duba ƙyaure?" Na ji daɗin wannan amsa ƙwarai, don na ga ashe har soja irin tawa ya yi.

Bai hana shi ba. Ya ɓace mana na wani lokaci, ko kiwo ya fita sai ya ware can nesa, sai ga shi wata rana da abin da ba mu taɓa gani ba. Tsawonsa ya kai hannun babban mutum. Farfela huɗu na ɓawon kara, in ya ruga da gudu duk sai su ɗauki juyawa suna ƴar ƙara kamar ƙudan zuma. Ya kafa shi bisa wani dogon kara da yake riƙewa, ya cika cikinsa da busasshen kashin awaki. Muka gina gari na yashi da ganuwa da rumbuna, ya ja da baya, ya taho a guje yana ruri, yana zuwa daidai kan garin sai cikin jirgin ya buɗe da kansa, ba wanda ya ga ya taɓa komai, kashin awaki ya zubo. Yara suka haukace. Kowa ya koma gina gari yana roƙo a zo a rushe nasa. Manya masu dawowa daga gona suna ajiye kaya su tsaya, tsohon sojan da kansa ya taso ya zo ya gani, ya ce haka yake, har yadda yake karkata in ya juya. Ni ma na gina gari, ba zan ɓoye ba, kuma an rushe shi, na yi dariya tare da kowa. Da na koma gida na kasa cin tuwo.

Na gwada nawa a ɓoye bayan ɗakin innata. Fiffike ya ƙi tsayawa, in na soka ƙaya totuwa ta tsage, ƙyauren ciki kuwa ko ya ƙi buɗewa ko ya ƙi rufewa. Abin da ya rage in je in ce ya koya mini, kuma na san da ya koya mini, don ba shi da rowa. Amma na girme shi da ƴan watanni, ga ni ɗan lakwal, ga shi taubashi. In na furta wannan kalma zai riƙe ta yana yi mini waƙa da ita har mu tsufa. Sai na zauna ina neman hanyar da zan samu abin ba tare da na roƙa ba.

A garinmu akwai al'ada ta ranar cika-ciki, wadda yanzu sai dai ka ji tsofaffi na ambata. Ranar, taubashi na da ikon ɗauke maka duk abin da hannunsa ya kai, hula, takalmi, ludayi, har akuya in ya iya ja. Ba sata ba ce, don ba a ɓoyewa, sai ma ya zaga gari da abin yana shela. Ba a fushi, ba a kai ƙara. Mai kaya shi zai taka har ƙofar wanda ya ɗauka, ya rusuna, ya yi masa kirari, ya tambayi abin fansa, kuma abin da aka yanka masa shi zai yi. Yawanci goro ne ko dabino, wani a sa shi rawa, wani a sa shi kukan jaki a gaban jama'a. A wannan shekara cika-ciki ta faɗo bayan girbi, jirgin yana cikin ganiyarsa. Na ga hanya ta buɗe. In ya zo ya rusuna zan ce fansata ita ce ya zauna ya nuna mini yadda cikin ke buɗewa. Ka ga ba roƙo na yi ba, hukunci na yanke.

Da safe yana bakin rijiya yana taya gwaggo jan ruwa na shiga gidansu, na sauko da jirgin daga ƙarƙashin rumbu inda yake rataye shi. Na zaga gari da shi ina shela, yara na biye da ni, ranar na ji yadda yake ji. Sannan na dawo ƙofar gidanmu na shimfiɗa buzun babana na zauna, na ɗora jirgin bisa cinya. Gari ya cika da dariya, can wata tsohuwa na bin wani dattijo da ya ɗauke mata muciya, nan wani na kukan jaki a kan hularsa. Ina zaune rana ta take. Can sai ga shi ya koro awaki zai fita da su. Ya tsaya, ya dubi jirgin, ya dube ni, ya ce, "Mushe, ka riƙe shi ta ƙasa, in ka kama hiffike karyewa yakai." Ya bi awakinsa.

Na ce zai dawo da yamma. Bai dawo ba. Kakarmu ta kira shi ta ce abin kunya ne a ɗauke maka kaya ka ƙi zuwa fansa, kamar ka ce ɗan'uwanka bai isa ba ne. Ya ce mata shi bai ƙi ba, ya ga ina so ne ya bar mini. Kuma na san har cikin ransa haka yake nufi, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Gwaggo ta aiko mini da dabino a madadinsa, na mayar. Kafin wata ya ƙare ya fito da wani sabo wanda ya fi na farko, mai ƴan bindigogi na ƙaya a hanci da wutsiya, yaran da ke zagaye da ni suka koma inda suka fito. Aka bar ni da jirgin da ban san yadda ake buɗe cikinsa ba. In na ruga da shi farfela na juyawa, amma in na zo kan gari sai ya wuce da kashinsa a ciki.

Daga ƙarshe na kai shi bayan ɗaki na farke shi. Na tarar da wata ƴar ƙaya da ke riƙe da ƙyauren, da wani lanƙwasasshen ɓawo da ke tura shi, da gashin wutsiyar doki guda ɗaya da ya bi ta jikin karan riƙewa har zuwa inda babban yatsa ke zama. Ga kayan duka a gabana, ba abin da ya ɓace, amma na yi juyin duniya su koma yadda suke suka ƙi. Na tattara na zuba wa akuyar innata. Ta cinye totuwar ta bar mini ƙayoyin. Da na je na ce ya koya mini, da yanzu ina da abin nuna wa jikokina. Wannan kam wautata ce, ban ɗora wa kowa ba.

Haka muka girma. Ni lakwal ba ta kai ni nesa ba, na samu aikin ɗan aike a wani biro, wato ofis, nan Tasawa, na yi ta kai takardu daga tebur zuwa tebur har ƙafafuna suka gaji. Shi ya biyo ni birni daga baya ba da komai ba sai hannuwansa, ya kafa ƴar rumfa bakin kasuwa yana gyaran fitilu, daga nan agogo, daga nan rediyo da injin markaɗe. Ba wanda ya koya masa. Mutane daga Mayahi, daga El Allassane Maireyrey, suna ba direbobi saƙon kayansu a kawo masa. Ni in an tambayi gidana sai a ce bayan masallacin mai gyara. Ba mu taɓa faɗa ba, tare muke sallah, tare muka binne iyayenmu, shi ya yi wa babbar ɗiyata walicci da ba ni da lafiya. Ina sonsa, Allah ya sani. Amma ban taɓa ganin abin da ya fito daga hannunsa na buɗe baki na ce ya yi kyau ba. In ya miƙo mini rediyota tana magana, sai in ce muryar ta canja.

To ga kwali ya zo, ga ido ya tafi, ga rubutun Turawa. Na fito da tabarauna na goge, na ajiye kusa. Autan ya gama hutunsa ya koma bakin aiki, na ce yanzu ne. Muna haɗuwa a masallaci kullum, ya ji muryata ya ce Mushe bai mutu ba, in ce ina jiran in ga bayan bawan gidanmu, mu rabu, ko sau ɗaya bai ambaci jirgi ba. Labari dai na iso ni ta bakin mai ɗakina. Wai ya ninke takardar ya sa ƙarƙashin tabarma, da yatsa yake laluben kowane guntu, ya shafa bakinsa, ya shafa inda zai shiga, ya haɗa. Wai kafin yaron ya tafi ya sa ya gaya masa launin kowane gwangwani, ya ɗaura wa kowanne zare da ƙulli daban. Wai ya kankare wani guntu da reza don masu yin abin ba su daidaita shi ba. Duk wanda ya fito daga zauren sai salati yake. Yaran da ba sa ɗaga kai daga salula sun koma leƙe ta taga. Na ce da mai ɗakina ta daina kawo mini zancen, ta ce ai ba ta ga na toshe kunne ba. Ta ce ƙafa biyu ce tsakanina da gidan, in je in gani mana, wa zai cije ni. Na ce ba a kira ni ba. Ta ce, "To zauna, Malam. Kai da shi dai sai Allah."

Wata safiya bayan rana ta ɗan ɗaga ina zaune a zaure sai na ji sanda na ƙwanƙwasa bango tana matsowa. Ya tsaya a bakin ƙofa, kwando a hannu ɗaya an rufe da tsohon rawani.

"Mushe, kana ciki, ko hassada ta kashe ka?"

"Ina nan da raina. Wa ya nuna ma bawan gidanmu hanya?"

Ya ce warin turaren banza ya biyo. Ya laluba ya zauna bisa tabarma, ya ajiye kwandon tsakaninmu, bai buɗe ba. Muka gaisa, ya tambayi ƙafata, na tambayi idonsa, ya ce yana ganin ƙofa in rana na bayanta. Sannan ya dafa kwandon. Ya ce ya gama jirgin, har fenti ya shafa, amma bai san abin da ya yi ba. Duk wanda ya miƙa wa sai ya ce ya yi kyau, Baba. Matarsa ta ce ya yi kyau, liman ya ce ya yi kyau. Ya ce har farfela ɗaya ya cire da gangan ya sa aljihu, ya miƙa wa maƙwabcinsa, mutumin ya ce bai taɓa ganin abu cikakke irin wannan ba. Sai da ya fita ya mayar da farfelar.

"Tausaina su kai," in ji shi. "Kai ko tun da uwarka ta haihe ka ba ka taɓa ganin abuna ka ce ya yi ba. Duba mani shi. Inda ya ɓaci ka hwaɗa mani."

Ya janye rawanin. Na sa tabarau, na ɗauko jirgin ta ƙasa. Bayansa kore ne da ruwan ƙasa, cikinsa fari-fari kamar sama da rani, hancinsa na gilashi, ta ciki ana hango ƴan kujeru da ba su kai ƙwayar masara ba. Na matsa bakin ƙofa inda haske yake, na bi shi a hankali tun daga hanci. Ban daɗe ba na samu. Kol ya zubo a gefen gilashin ya bushe da shatin yatsa. Fentin ciki ya haura bisa fiffiken hagu. Ƙafa ɗaya ta baya ta ɗan karkace. Na lissafa masa su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zan ce ban ji daɗi ba, har muryata sai da ta ɗaga. Shi kuwa fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya ce madalla, ya miƙo hannu ya ce in kai yatsansa wurin. Na kama yatsan, busasshe, duk tabon reza da ƙuna, na ɗora shi kan kol ɗin. Ya shafa, ya ce lalle, ya zaro reza daga aljihu ya fara kankarewa, harshe a gefe. Ƙafar ma ya ɗumama ta da numfashi ya daidaita. Na fenti ya ce sai ya koma gida, in tuna masa wurin.

Na sake karɓa na bi shi daga hanci zuwa wutsiya, na kifa shi, na duba ƙarƙashin fiffike, na leƙa cikin inji ɗaya bayan ɗaya. Na nema da gaske, yadda na saba nema. Babu. Makaho ya haɗa abin da ni mai ido huɗu ba zan iya ba ko a ba ni shekara.

"Saura ina?" ya ce.

Na ce da saura da yawa, aikin duk gyara ne, amma idona ya gaji, ya dawo da shi gobe.

Ya ɗan karkata kai wajena, ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da jirgin cikin kwando, ya ja rawani ya rufe, ya lalubi sandarsa.

"To Mushe," ya ce. "Ka sa a dama hura, ba ni zama da yunwa gidan bawa."